Kun Manta da Maganar Kuɗi a Shirinku kan Ƙwayoyin Ƙara Kuzari

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Na saurari shirinku na ranar Asabar, kuma raina ya ɓaci da yadda baƙonku ya ɗora laifin shan ƙwayoyin ƙara kuzari kacokan a kan rashin tarbiyyar 'yan wasa, har aka rufe shirin ba a ambaci kuɗi ko sau ɗaya ba.

Na shafe shekaru ina horar da yara gudu. Wata safiya, ana gab da fara tsere, na tarar da ɗaya daga cikinsu a bayan katanga yana haɗiye tramadol da ruwan leda, hannunsa na rawa. Da na matsa masa, sai ya ce mini kyautar wanda ya zo na ɗaya za ta biya kuɗin hayar gidansu, ga shi mahaifinsa yana kwance ba lafiya. Yaron nan mai ladabi ne, ban taɓa kama shi da ƙarya ba. Na cire shi daga tseren, amma har yau abin yana ci mini rai.

Da baƙonku ya duba labarin Rita Jeptoo ta Kenya, da ya ga inda gizo ke saƙa. A 2014 ta lashe gudun fanfalaki na Boston da na Chicago, tana dab da karɓar dala 500,000 na gwarzuwar manyan tsere, sai gwaji ya nuna sinadarin EPO a jikinta, wanda ke ƙara jajayen ƙwayoyin jini. An karɓe kambunta na Boston aka miƙa wa Buzunesh Deba ta Habasha, amma Jeptoo ta riga ta tafi da dala 150,000 na kyautar. Deba, wadda ta yi gudunta da guminta, ta yi ta jiran cikon haƙƙinta har 2024, lokacin da wani ɗan kasuwa a Amurka ya ba ta dala 75,000 daga aljihunsa. Wane darasi kuke so yaro ɗan talaka ya ɗauka daga nan? Ga kuma dillalai da masu horarwa da ke yankar kasonsu daga kowace kyauta, ba wanda ya kira sunansu a shirin.

Sannan ina roƙonku ku daina cinye rabin lokacin wasanni da labarin ƙwallon Ingila, domin mu masu bin guje-guje ba ma samun ko minti biyar a mako.

Naku,
Mai sauraro daga Jos