Wasiƙa zuwa ga ɗana matuƙin jirgi

Assalamu alaikum Babana,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana cikin ƙoshin lafiya. Mu nan gida lafiya lau, alhamdulillahi.

Mahaifiyarka ta ce jikinka ya yi sanyi, wai duk kamfanin da ka kai wa takardu sai su ce awowin da ka yi kana tuƙi a sama ba su kai ba. Na san abin da ciwo. Ka fito daga kwalejin koyon tuƙin jirgin sama ta Zariya da lasisin tuƙin jirgin kasuwanci da awa 200 da 'yan kai, su kuma suna neman mai ninkin haka, ga babban lasisin zama kyaftin sai an cika awa 1,500. Ba kai kaɗai ba ne. A Amurka ma, bayan haɗarin jirgin Colgan kusa da Buffalo a 2009, sun tsaurara doka, har mataimakin matuƙi galibi sai ya tara 1,500 ɗin kafin kamfanin fasinja ya ɗauke shi.

Akwai wani tsohon kyaftin da muke sallah masallaci ɗaya, na zauna da shi a kan maganarka. Shawararsa, wadda ni ma na gamsu da ita, ka nemi shaidar koyar da tuƙi. Ko a Zariya ko a Ilorin, malami yana tashi kusan kullum, awowi na taruwa, ana kuma biyansa. Wanda ya zauna gefen ɗalibi yana gyara masa sauka cikin hazon hunturu, hannunsa zai faɗa ƙwarai. In kuma ƙaramin jirgi ka samu, na ɗaukar kaya ko na safiyo, kada ka raina. Samari daga ƙasashe da yawa suna tafiya har Maun ta Botswana su yi watanni suna jiran a ba su Cessna mai inji ɗaya.

Kafin aiki ya zo, kada ka bari takardunka su mutu. Gwajin lafiya na shekara-shekara da jarrabawar tuƙi da dogaro da na'urorin jirgi kawai, ka sabunta su a kan kari, ni zan ɗauki nauyin wannan. Amma batun sayar da filin Gwale don ka je ka koyo tuƙin Boeing 737, ban yarda ba sai akwai takardar ɗaukar aiki a hannu. Masu cewa ka biya su ka yi musu tuƙi kuwa, ka nisance su.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki biro. Za ka haɗu da wanda zai ce maka kowa yana ƙara 'yan awowi a littafin tashinsa, wa zai duba? Babana, don Allah kada ka rubuta ko minti ɗaya da ba ka yi a sama ba. Ramin ƙarya ƙurarre ne: kowane jirgi yana da nasa littafin, hasumiyar filin jirgi ma tana rubuta tashi da sauka, kuma NCAA, hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Nijeriya, na iya ƙwace lasisin da muka sha wahala a kansa. A 2020, bayan jirgi ya faɗi a Karachi, ministan sufurin jiragen sama na Pakistan ya shaida wa majalisa cewa lasisin matuƙa 262 cikin 860 akwai shakku a kansu, Turai ta hana jiragen kamfanin ƙasar shiga, har masu gaskiyar cikinsu suka sha kunya. Ko ba a kama ka ba, ran da inji ya tsaya maka da rayukan bayin Allah a bayanka, awar da ka rubuta da biro ba za ta tsinana maka komai ba. Wannan amana ce, kuma za a tambaye ka ranar gobe.

Ka binciko mini kuɗin kwas ɗin koyarwar da tsawon lokacinsa, ka turo kafin ƙarshen wata, in yi magana da kawunka. Mahaifiyarka da ƙannenka suna gaishe ka. Allah Ya yi maka albarka, Ya tsare ka sama da ƙasa.

Mahaifinka