Kamen ɗalibai saboda kiɗan dare a Harobanda

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a jaridarka domin in yi magana a kan wani al'amari da ya faru a unguwarmu, a ƙetaren kogi cikin birnin Yamai, wanda har yau bai bar raina ba ko da yake an kwana biyu da faruwarsa. Ni tsohon malamin makaranta ne, mutumin Adar, kuma na daɗe da zama a Harobanda. Gida na uku daga nawa gidan haya ne wanda ɗaliban jami'a suka cika ɗakunansa, yawancinsu yaran jihar Tawa ne, daga Ƙonni da Madawa da Keita da Buza. Baba suke kirana, sukan taya ni ɗaukar kaya idan na dawo daga kasuwa, ni kuma nakan tsaya a fadarsu da la'asar in sha shayi in tambaye su labarin gida.

A cikin watan Afrilu ɗaya daga cikinsu ya kare kundinsa na kammala karatu a gaban malamai, ya fito da sakamako mai kyau, abokansa suka haɗa kuɗi suka yi hayar manyan lasifiku domin su taya shi murna. Wanda bai taɓa kwana a Yamai cikin Afrilu ba ba zai gane nauyin abin da zan faɗa ba. Zafi yakan haura digiri 40 da rana, bangon ɗaki ya riƙe shi har tsakar dare, idan kuma wuta ta ɗauke babu mai iya kwana a ciki, saboda haka kowa a tsakar gida yake shimfiɗa tabarmarsa, babu ƙofa ko taga da za a rufe tsakaninsa da ƙarar maƙwabci. A daren nan maiɗakina tana fama da hawan jini, jikana kuma ɗan wata huɗu ne, duk lokacin da ganga ta buga sai ya zabura ya fashe da kuka. Wajen ƙarfe goma sha biyu na sa rigata na je na yi masu magana. Suka ce, «Baba, ka yi haƙuri, yanzu za mu rage,» suka kuwa rage, amma ban gama kwanciya ba ƙarar ta koma inda take, har kwanukan da ke kan randa suna rawa.

Na kawo wannan tun farko domin kada wani ya zaci na zo wanke yaran ne. Sun yi laifi, sun shiga haƙƙin mutanen da ba su da wurin gudu, cikinsu akwai marar lafiya, da direban da zai tashi da asuba ya kama hanyar Dosso, da ƴan makaranta ƙanana. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada ƙara a ɗakin barci ta wuce desibel 30 a ma'aunin ƙarfin sauti, alhali hira tsakanin mutum biyu ma takan kai kusan 60, kayan sautin biki kuwa sukan wuce 100. Rashin barci yana tayar da hawan jini, kuma na ga hakan da idona a cikin gidana washegari. Duk wanda ya kira ƴan sanda a daren nan, don ba ni ba ne, yana da gaskiyarsa, kuma ban zarge shi ba.

Abin da ya biyo baya shi ne dalilin wannan wasiƙa. Wajen ƙarfe biyu mota ta tsaya a ƙofar gidan. Ban ji an yi sallama ba, ban ji an nemi wanda ya shirya bikin ba, ban kuma ji an ce a kashe kiɗan an ƙi ba. Aka ɗora lasifikun a bayan mota, aka tura duk namijin da hannu ya kai gare shi, sauran suka tsallake katanga, ƴan matan da aka gayyato suka watse cikin duhu wasu ba takalmi. Cikin waɗanda aka tafi da su har da wani yaro ɗan Keita wanda bai shiga bikin ba sam. Yana ɗakinsa da fitilar waya yana bitar darasi domin yana da jarrabawa da safe, hayaniya ta sa ya leƙo, aka riƙe masa wuyan riga. Na ji muryarsa yana cewa, «Ranka ya daɗe, ni karatu nake yi,» babu wanda ya saurare shi.

Da gari ya waye muka tafi ofishin ƴan sanda ni da mai unguwa. Muka tarar da su zaune a ƙasa jikin bango, an karɓe masu wayoyi da ɗamara, ɗan Keitan nan yana kallon agogon bango yana share ido da gefen riga, domin lokacin shiga aji ya riga ya wuce. Bayan doguwar magana da roƙo aka ce kowa ya biya tara. Abokansu suka bi ɗaki ɗaki suka tattaro kuɗin, wani ma kuɗin abincinsa na sati ya bayar, aka sake su gab da azahar. Na tambayi takardar shaidar biya, aka ce in dawo daga baya. Na koma sau biyu ban samu ba. Lasifikun kuwa ba nasu ba ne, na mai bayar da haya ne, kuma duk ranar da suka kwana a tsare yaran ne ke biyansa kuɗin ranar.

Kwana takwas bayan haka aka yi bikin aure a kan layin nan namu, a gidan wani mai hali. Aka kafa rumfa aka toshe hanya, makaɗa suka kwana uku suna yi, ƙararsu kuwa ta fi ta yaran nesa ba kusa ba. A dare na biyu motar sintiri ta zo, ta tarar da hanya a rufe, ta juya ta bi wani layin. Ba na yi wa mai bikin hassada, Allah ya sanya alheri a auren. Amma yaran gidan hayar suna zaune a fadarsu suna kallo, ɗayansu ya juyo ya ce mini, «Baba, ashe dokar tamu ce mu kaɗai?» Na yi shekara talatin ina amsa tambayoyin yara a aji, wannan kuwa ban sami abin da zan ce masa ba.

Malam Edita, damun jama'a da hayaniya cikin dare, abin da masu Faransanci ke kira tapage nocturne, ƙaramin laifi ne wanda tara ke kashewa. Ba fashi ba ne, ba kuma sata ba, kuma maganinsa na farko shi ne a kashe kiɗan, abin da jami'i ɗaya mai natsuwa zai iya sa a yi cikin minti biyu da bakinsa kawai. Idan an yi gargaɗi an ƙi ji, akwai takardar sammaci: a nemi wanda ya shirya taron, a rubuta sunansa, a ce ya zo ofis da safe ya amsa. Ɗalibin da ke da ɗaki a unguwa da suna a rajistar jami'a ba zai ɓace ba. Kwasar duk wanda aka tarar a tsakar gida, ba tare da an bambanta mai laifi da mai barci ba, hukunci ne da ya fi laifin girma, yana kuma faɗawa kan wanda bai ji ba bai gani ba. Tarar da ba a ba da takarda a kanta kuwa tana cutar da kowa, har da jami'an kirki, domin mai biya ba zai taɓa yarda kuɗinsa ya shiga baitulmali ba, ko da ya shiga.

Akwai kuma abin da ya sa nake ganin wannan lamari ya fi ƙarfin ƙorafin unguwa ɗaya. Tsakanin ɗaliban ƙasar nan da jami'an tsaro akwai tsohon miki. Duk wanda ya kai shekaruna yana tuna ranar 9 ga Fabrairu 1990, lokacin da ɗalibai suka taso daga wannan ɓangaren kogin za su shiga gari, aka buɗe masu wuta a gadar Kennedy, uku suka rasu, kuma girgizar wannan rana tana cikin abubuwan da suka kai ƙasar ga babban taron ƙasa na 1991. Ƙungiyar ɗalibai ta USN tana tunawa da ranar kowace shekara, yaron da aka haifa bayan 2000 ma ya san labarin kamar a gabansa aka yi. Ba ina kwatanta kamen dare ɗaya da wancan bala'i ba, Allah ya kiyaye. Abin da nake nufi shi ne, yaron da ya taso da wannan labari a kunnensa, idan aka jefa shi bayan mota a kan laifin da bai yi ba, ba zai ɗauki abin a matsayin kuskuren mutum ɗaya ba, zai ce abin da aka gaya masa ne ya tabbata. Waɗannan yaran su ne gobe za su zama alƙalai da likitoci da malamai, wasu ma su sa kakin ɗan sanda, kuma a irin wannan lokaci da ƙasa ke buƙatar jama'a su riƙa kai wa jami'an tsaro labari da yarda, asara ce a koya wa matashi cewa ganin motar sintiri dalilin tsallake katanga ne.

Ya kamata kuma a tambayi abin da ya kawo bikin cikin gidan haya tun asali. An kafa jami'ar Yamai a 1971, aka sa mata sunan Abdou Moumouni a 1992, kuma ko bayan buɗe jami'o'in Maraɗi da Tawa da Damagaram a 2010, da na Agadas da Diffa da Dosso da Tillaberi a 2014, ɗalibai ba su daina kwarara zuwa babban birni ba. Waɗanda ba su sami gado a ɗakunan kwanan ɗalibai ba su ne ke cika gidajen haya na Harobanda da Lamorde da Karaje, mutum uku ko huɗu a ɗaki guda, katanga ɗaya tsakaninsu da magidanta. Ɗan mai kuɗi idan ya gama karatu ana kama masa zauren biki a otal. Ɗan manomi daga Buza, wanda wataƙila shi ne na farko a zuriyarsu da ya kai wannan matsayi, ba shi da inda zai yi murna sai tsakar gidan da yake haya. Da hukumomin gari da shugabannin ɗalibai za su zauna su ware wani fili ko zaure nesa da gidajen kwana, wanda za a riƙa ba ɗalibai a farashi mai sauƙi har zuwa wani lokaci sananne, da rabin wannan rigima ta mutu.

Lokaci sananne ɗin nan shi ne abin da muka fi rasa. Na tambayi magidanta da dama a masallacinmu ƙarfe nawa ya kamata a kashe kiɗa, kowa da amsarsa, wani ya ce goma, wani sha biyu, wani ya ce ai ya danganta da wanda ke bikin. Ina roƙon mahukuntan birni su fito su faɗi sa'a ɗaya tak, su faɗi adadin tarar, a sanar a gidajen rediyo da Hausa da Zabarmanci da sauran harsunanmu, a liƙa a ƙofar makarantu da ofisoshin gundumomi, sannan ta hau kan kowa: ɗalibi, da mai aurar da ƴa, da mai gidan rawa, da mai taron siyasa, da duk wanda ke ɗaura lasifika a kan sanda ya kwana yana yi ko da abin da yake faɗa alheri ne. A kuma mayar wa masu unguwa matsayinsu a wannan sha'ani. A Adar inda na taso, ba a kai ƙarar yaro wurin hukuma sai dattijan unguwa sun gaza, kuma da an buga wa mai unguwarmu waya a daren nan, na tabbata da ya taka da ƙafarsa ya je, domin yaran suna jin kunyarsa fiye da yadda suke tsoron mota.

Ku kuma ƴaƴana ɗalibai, ba zan rufe ba sai na gaya maku taku. Na zo ƙofarku da tsakar dare da furfurata, kun ce mini to, na juya baya kuka saɓa. Wannan ya yi mini ciwo fiye da ƙarar kanta. Da kun zagaya gidajen maƙwabta tun da rana kun ce yau ɗan uwanmu ya gama karatu, za mu yi kiɗa zuwa ƙarfe kaza, da babu wanda zai hana ku, wataƙila ma da matan unguwa sun aiko maku da fura da ƙosai, kamar yadda ake yi wa ɗan gida. Iyayenku da suka sayar da gero da albasa suka turo ku nan ba za su so su ji cewa wata tsohuwa ta kwana riƙe da kai saboda ku ba.

Yaron nan ɗan Keita yana jiran zagaye na biyu na jarrabawa domin ya rama wadda ta wuce shi, kuma har yanzu bai gaya wa mahaifinsa abin da ya faru ba. Ni da mai unguwa mun rubuta masa takardar shaida cewa ba ya cikin masu bikin, mun sa hannu, ya kai wa malaminsa. Mun kuma sa ranar Juma'a mai zuwa bayan sallar isha'i domin magidantan layinmu da yaran gidan hayar mu zauna mu tsayar da sa'ar kashe kiɗa a tsakaninmu, kuma mun aika wa shugaban ofishin ƴan sandan yankinmu goron gayyata, muna fatan zai zo ko ya turo wakili.

Na gode da filin da ka ba ni. Allah ya ƙara wa jaridarka albarka.

Naka,
Wani tsohon malamin makaranta,
Harobanda, Yamai.