Masu fita waje su san ladabin cin abincin rana na inda za su

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon a ba ni fili in ja hankalin 'yan kasuwarmu masu zuwa birnin Guangzhou na ƙasar Sin saro kaya, da alhazai, da ɗalibai, kan wani abu da ake rainawa alhali yana iya ɓata ciniki: yadda ake zaman cin abincin rana a ƙasar wasu.

A nan gida an saba a kai wa baƙo kwanonsa ɗaki a ba shi wuri, kuma in an yi masa tayi ya ce ya ƙoshi don kara. A Sin kuwa, a gaban abinci ake sanin juna kafin a yi maganar farashi. Suna ci da wuri, daga 11:30 zuwa 1:00, sannan da yawa su ɗan runtsa har wajen ƙarfe 2:00. Wanda ya je masana'anta a tsakanin nan zaman jira zai yi. Teburin zagayayye ne, da faifan gilashi a tsakiya mai juyawa. Kujerar da ke kallon ƙofa ta babba ce, a jira a nuna wa mutum mazauninsa. Ba a juya faifan wani yana cikin ɗiba.

A Guangzhou, shayin farko da aka kawo tare da kwanon roba ba na sha ba ne. Da shi ake ɗauraye kofi da sandunan cin abinci, a juye a kwanon. In an tsiyaya maka shayi, ƙwanƙwasa tebur da yatsu biyu shi ne godiya. In buta ta ƙare, a ɗage murfinta a bari, mai hidima zai gane. Babban kuskure shi ne soka sanduna a tsaye cikin shinkafa, domin haka suke kafa turaren tsinke ga mamatansu. Wanda ya gayyata shi ke biya, ba a karo-karo.

Sai batun halal, inda aka fi yin tuntuɓe. Cewa “ban cin alade” bai wadatar ba, don ana soya ganye da kitsen alade, ana kuma zuba giyar shinkafa a girkin kaza da kifi. A nemi gidan abinci mai alamar “Qingzhen”, wato halal, irin na Musulmi 'yan ƙabilar Hui masu taliyar Lanzhou. Suna da yawa a unguwar Xiaobei ta Guangzhou. A sanar da mai masauki tun kwana guda kafin zaman.

Saudiyya ta fi kusa da mu: babban faranti na kabsa ko mandi, wato shinkafa da nama, a zauna a ƙasa, hannun dama, kowa ya ci gabansa, galibi daga ƙarfe 2:00 zuwa sama. A gahawa ake kuskure. Ɗan kaɗan ake zubawa, bai kai rabin finjali ba, kuma ba rowa ba ce. Cika shi fal tamkar sallamar baƙo ne. In ka miƙa finjali haka kawai, ƙari za a yi maka. Sai ka ɗan girgiza shi sannan a daina. Da an zagayo da turaren wuta bayan cin abinci, zama ya ƙare, a yi godiya a tashi.

A Faransa, inda ɗaliban Nijar ke yawan zuwa, gidajen abinci da dama na rufe girki da ƙarfe 2:00, sai kuma dare. A Sifaniya lokacin ne ma ake fara zama. Kuma a mafi yawan gidajen Turawa, in aka yi maka tayi ka ce ka ƙoshi, an ɗauka har zuciyarka ke nan, ba za a maimaita ba.

Ina kira ga kamfanonin shirya tafiye-tafiye da hukumomin alhazai su sa wannan cikin bitar da suke yi wa matafiya kafin tashi.

Wassalam.

Daga mai karatunku,
Kano