A koya wa yaranmu tuƙi kafin a ba su makulli

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili in yi kuka kan yadda matasa ke tuƙi a nan Damagaram. Yaro zai koyi hawa babur da yamma a lungun Birni, washegari ya fara kabu-kabu a bakin Kasuwar Dole. Bai san alamun hanya ba, bai san wa ke da fifiko a mararraba ba, hular kwano kuwa ba a maganarta.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne hanyar Tanout, inda tankokin mai na matatar SORAZ ke kai da komo. Babbar mota mai kaya ba ta tsayawa nan take, kuma direbanta ba ya ganin babur ɗin da ya manne a gefensa. Wa ya taɓa gaya wa yaranmu wannan?

Kuɗin makarantar koyon tuƙi ya fi ƙarfin talaka. Ina kira ga hukumar ANISER mai kula da kiyaye haɗurran hanya da mahukuntan gari su haɗa kai da ƙungiyoyin 'yan kabu-kabu, a buɗe darasi mai rahusa, da Hausa. Iyaye kuma, don Allah, mu daina miƙa makulli ga wanda ba shi da lasisi.

Naku,
Wani uba daga unguwar Sabon Gari, Damagaram