Amsa ga Alhajin da ya ce tsoro ne ya kore ni daga dambe

Assalamu alaikum, Alhaji.

Ranka ya daɗe, tambayar da ka jefa ranar Asabar a taron matasan unguwarmu nan Agege ta iso ni, duk da ka zaɓi ranar da ba na nan. Wani ya ɗauke ka da waya ya saka a Facebook, kafin magariba an turo mini daga Mile 12 da Idi-Araba har na gaji da buɗewa. Ka ce a tambayi yaron nan mai koya wa samari tsalle-tsallen fim ɗin Chanis, wai faɗan ƙarya ma sana'a ce? Ka ƙara da cewa ai tsoron duka ne ya kore shi daga dambe, kuma wai finafinan faɗa na lalata tarbiyyar yara. Aka kwashe da dariya. Tunda a bainar jama'a ka yi, yaron mai furfura a gemu zai amsa a bainar jama'a.

Maganar tsoro ce ta tsaya mini a rai. Shekara tara ina ɗaure hannu da zare ina shiga fili. Na yi kisa, ni ma an kashe ni, kuma har gobe idan sanyin damina ya shigo haƙarƙarina na hagu kan tuna mini da wani ɗan damben ɓangaren Guramaɗa. Ba sai na kawo shaida ba, don kana wurin. A bakin ƙofa kake zama da jakar kuɗin shiga, inda naushi bai taɓa isa ba.

To bari in gaya maka abin da ke cikin wannan ƙaryar. A dambe turmi uku ne, kana kai duka kana fatan ya sauka. A gaban kyamara kuwa, da dukkan ƙarfinka za ka kawo naushi, sannan ka wuce da shi tazarar yatsu huɗu daga haɓar abokin aikinka, kuma ka maimaita sau ashirin ba tare da tazarar ta ragu ba. Idon kyamara ɗaya ne, ba ya tantance nisa sosai, shi ya sa idan aka ajiye ta bayan kafaɗar mai duka sai mai kallo ya rantse hannu ya sauka. Rabin aikin ma na wanda aka doka ne. In ya juya kai da wuri, asiri ya tonu. In ya makara, haƙori ya tafi. Mukan barbaɗa hoda a takalmi don ƙura ta tashi lokacin shuri, ƙarar dukan kuma daga baya ake ɗora ta. Mutanen Hong Kong har rage gudun kyamara suke yi, daga hoto 24 a daƙiƙa zuwa kamar 22, domin in an haska a ga hannu ya ƙara zafi. Duk ƙidaya ce, kamar yadda ɗan dambe ke bin kalangu. Na ga zaratan da suka yi suna a fili sun kasa wannan, don jikinsu bai san tsayawa ba. Ni kaina sai da na shekara ina koyon janye hannun da na yi shekara tara ina koya masa tafiya.

Su 'yan Chanis ɗin da kake wa dariya, ba daga sama suka faɗo ba. Jackie Chan yana ɗan shekara bakwai aka kai shi makarantar wasan opera a Hong Kong, ya yi shekara goma yana tashi da asuba yana alkafura, tare da Sammo Hung. A tsakiyar shekarun 1980 ya faɗo daga bishiya wajen ɗaukar fim a Yugoslabiya, ƙashin kansa ya fashe, sai da aka yi masa tiyata. Lallai ƙaryar tana da tsada. Da Amurkawa za su yi The Matrix na 1999, duk da kuɗinsu, Yuen Woo-ping mai tsara faɗan fim suka ɗauko daga Hong Kong, ya sa jarumansu atisaye na kusan wata huɗu kafin a kunna kyamara.

Abin da ya fi ci mini rai ke nan. A 2003 mutanen Tailan suka fitar da Ong-Bak, Tony Jaa ya nuna wa duniya damben ƙasarsu na gwiwa da gwiwar hannu. A 2011 'yan Indonesiya suka yi The Raid, wanda bai taɓa jin kalmar silat, salon faɗan ƙasarsu, ba ya ji ta. Mu fa? Muna da hannun mashi da na garkuwa, da kirari, da kiɗa, da tarihin irin su Shago wanda Ɗan Anace ya waƙe. Wace ƙasa ce ke da tsayuwar ɗan dambe, ƙafa a buɗe, hannu ɗaya a miƙe, ɗaya a ɗane a baya? Abin da nake koya wa samarin nan ke nan, yadda za a ɗauki wannan tsayuwar a fim ta yi kyau ba tare da an karya kowa ba. Da ka taɓa leƙowa, da ka gani.

Batun cewa finafinan faɗa na lalata tarbiyya ba zan daɗe a kai ba. Sa'o'inka ne suka cika silima lokacin Bruce Lee, wanda ya rasu tun 1973, ga shi yau ku ne dattawan gari. Silimar ma ta tafi, sunan Pen Cinema kaɗai ya rage a bakin kwandastoci.

Amma ruwa ba ya tsami banza. Siton da muke atisaye a ciki, an ce akwai mai son ya zuba buhunan albasa kafin kaka. Ban ce kai ne ba. Na dai lura tarbiyyar yaranmu ba ta dame ka ba sai watan da kuɗin hayarmu ya kusa ƙarewa.

Da a ce damuwar gaske ce, ga inda za ka sa baki. A garin nan, idan masu fim suka nemi Bahaushe, maigadi suke nema ko mai shayi, ya yi gurɓataccen Turanci a yi dariya. Mu masu faɗuwa a madadin jarumi kuwa, sau da yawa ko sunanmu ba ya fitowa a ƙarshen fim. Bara wani yarona ya karye a wuyan hannu wajen dirowa daga saman motar haya ta danfo, sau uku ana sa shi ya sake. Furodusan ya ba shi kuɗin mota ya kashe waya. Karo-karo muka yi muka kai shi wurin mai ɗori. Ban ji an kira taro a kan wannan ba. Can Amurka ma sai a 2025 masu kyautar Oscar suka amince za su fara karrama masu tsara irin wannan aiki, daga bikinsu na 2028, don haka raini ba a kanka aka fara ba.

Muna atisaye Talata da Alhamis bayan la'asar. Ka zo, Alhaji, ka tsaya a gabana, zan kawo naushi ɗaya in wuce da shi yatsu huɗu daga gemunka. Sharaɗin kawai kada ka ƙifta ido. Kuɗin sito kuma mun biya na shekara guda jiya, rasit yana hannuna.

Naka,
Tsohon ɗan damben Arewa, Agege, Legas.