Wasiƙa daga unguwar Nima a Accra, Ghana: dalilin ramata

Assalamu alaikum Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kuna lafiya, ke da maigidan da yara. Yaya ƙafar Inna? Kuɗin da na turo ranar Litinin na magani ne, ki karɓa ki saya da hannunki. Kin san halinta, sai ta rabar wa jikoki.

Kin ce na rame a hoto, ko abinci ne ba na samu. Abinci kam har ya yi yawa. Ga koko da ƙosai a bakin layinmu kullum safiya, ga wake da shinkafar da suke kira waakye. Tafiya ce ta zuge ni, kuma da gangan.

Gasar taku aka sa mana a ofis, ta wata guda. Waya ce ke ƙirga takun mutum daga tashinsa har kwanciya. Aka raba mu biyar-biyar, duk Juma'a a manna sakamako a allo. Taku 10,000 ake so a rana, wajen kilomita 7 zuwa 8 ke nan. Akantanmu, sarkin bin diddigi, ya ce ba likita ne ya yanke adadin ba. Wani kamfani ne a Japan ya fito da na'urar ƙirga taku a 1965, ya raɗa mata sunan taku dubu goma don ta samu kasuwa, duniya kuwa ta ɗauka.

Ranar farko na duba tawa, 2,300. Ni da na yi firamare da sakandare a ƙasa, ko keke babu! Ashe daga ɗaki sai trotro, motar hayarsu ta nan, daga trotro sai kujera. Sai na daina shiga mota da safe. In na idar da asuba na sha koko, sai in bi ta Kanda, in wuce babban masallacin nan da Turkawa suka gina aka buɗe a 2021, in miƙe har ofis a unguwar Ridge. Riga biyu nake fita da ita, don zafin Accra mai ɗanko ne, ba irin namu busasshe ba, kafin ka isa ka jiƙe sharkaf. Wata Asabar kuma aka kwashe mu zuwa Ayi Mensah muka hau tudun Aburi a ƙafa har Peduase. Kwana biyu ruku'u sai da dabara.

Ba a rasa 'yan maguɗi ba. Wani ya kawo 41,000 a rana ɗaya, alhali muna ganinsa zaune tun safe. Ashe ɗansa yake sa wa wayar a aljihu in za shi ƙwallo.

Wadda ta ci mana gasar kuwa tun farko ba a ma sa sunanta ba, wai ita ba cikakkiyar ma'aikaciya ba ce. Dattijuwar da ke mana shara ce, 'yar Maamobi, mai Hausar nan tasu da mace ma "ya zo" ake ce mata. Da ɗaya daga cikinmu ya tafi hutu na nace sai an sa ta, na ara mata tsohuwar wayata, ta ɗaure a bakin zane. Yaya, ba ta sauya komai ba. Shara, hawa bene da bokiti, aiken abinci, komawa gida a ƙasa saboda kuɗin mota: 19,000 kusan kullum. Manaja da ya sayi takalmin gudu mai tsada ko rabinta bai kamo ba.

Ranar ba da kyauta aka miƙa wa kowannenmu riga da gorar ruwa ta roba. Ta juya gorar, ta leƙa ciki, ta dube ni ta ce, "Ɗana, shi ke nan?" Mu huɗun muka haɗa mata sidi 200 na kuɗin Ghana, wayar ma na bar mata. A daren nan na kasa barci da wuri, ina ta lissafin Inna, daga gida zuwa rijiya sahu nawa, sannan gona, sannan kasuwa ranar Laraba.

In direban nan zai taso ki ba shi kuka da daddawa, da kilishi in ya samu. Ki gaishe da Baba, ki ce masa takalmin da ya ba ni ya cinye, amma na kai an yi masa sabon ƙasa.

Wassalam,
ƙaninki.