Amsa ga Alhajin da Ya Ce Zanen Kwamfuta Nake Nuna wa Yara

Assalamu alaikum Alhaji,

Ranar Asabar a taron iyaye da malamai ka miƙe, ka ɗaga hoton da na raba wa 'yan ajina, na watan Enseladus mai kewaya duniyar Zuhal, wadda Turawa ke kira Satun. Ka ce: wa ya je can ya ɗauko, ina aka sami haske, ko dai zanen kwamfuta ne nake cika wa 'ya'yanku kai da shi? Ka ƙara da cewa ai ilimin Turawa ne. Aka yi dariya, aka tashi ban sami bakin magana ba.

Tambaya ba ta ba ni haushi, sana'ata ce amsa ta. Abin da ya hana ni barci shi ne ka mai da ni maƙaryaci a gaban yaran da zan tsaya a gabansu ranar Litinin. Shekara 19 ina riƙe da alli, ƙannenka biyu ta hannuna suka bi. Ka tambaye su ko na taɓa koya musu abin da ban bincika ba.

Ba mutum ya je ba. Kumbon Cassini ne, ya tashi a 1997, ya isa a 2004, ya gama aikinsa a 2017. Hasken kuwa na ranar nan ne da ke dukan mu, sai dai abin da ke kaiwa can bai fi kashi 1 cikin 90 na namu ba. Saboda haka kyamarar takan daɗe da ido a buɗe, alhali kumbon na tsala gudu, sai a riƙa juya shi a hankali yana bin watan, kamar yadda mai hoto ke bin doki da hannu ranar hawan sallah don kada hoton ya dagule.

Idon kyamarar ɗigo 1,024 ne a tsaye, 1,024 a kwance. Kowane ɗigo yana auna hasken da ya faɗo masa, ya mai da shi lamba. Lambobin ake aikowa ta rediyo, su yi fiye da awa guda a hanya, manyan faifan tauraro masu faɗin mita 70 a Kalifoniya da kusa da Madrid da Kanbera su cafke su.

Akwai inda ka kusa gaskiya, kuma tun a aji na faɗa. Kyamarar ba ta ganin launi. Gilasai masu kala ne ke juyawa a gabanta, a ɗauka ta ja, a ɗauka ta kore, a ɗauka ta shuɗi, sannan a haɗa a ƙasa. Da ledar alawa da tocila na gwada wa yaran, ɗanka ne ma ya riƙe tocilar. Wani lokaci ana ƙara wa launin ƙarfi don a bambance ƙanƙara da dutse, kuma ana rubuta hakan a ƙasan hoton.

In da zane ne, ai da an zana mai kyau. Ka dubi hoton da na'urar Huygens, wadda Cassini ya tafi da ita, ta aiko bayan ta dira a Taitan, wani watan Zuhal, ranar 14 ga Janairun 2005: ɗan siriri, dishi-dishi, sai 'yan dunƙulen ƙanƙara kamar tsakuwar rafi. A Maris na 1979 kuma, wata injiniya mai suna Linda Morabito tana duba hoton da wani kumbon, Voyager 1, ya aiko don gane inda kumbon yake, sai ta ga dutse yana aman wuta a gefen watan Ayo mai kewaya duniyar Mushtari, wato Jupita. Ba shi ta fita nema ba.

Batun cewa ilimin Turawa ne ba zan daɗe a kai ba. Taswirar da kake bin motocinka na kaya da ita a waya, da taurarin ɗan'adam da ke sama take gano inda motocin suke.

Na san zaɓen shugaban ƙungiyar iyaye ya matso, kuma malami shi ne mai sauƙin taka wa. Da muryar nan ka ɗaga a kan ɗakin gwajinmu, da na fi kowa tafa maka. Rufinsa na yoyo tun damina biyu, babu madubin hangen ƙwayoyi ko ɗaya mai aiki, hoton da ka ɗaga ma da kuɗin aljihuna na buga shi.

Ɗanyen hotunan Cassini suna shafin NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, kyauta, baƙi da fari, har da tabonsu. Laraba da ƙarfe 10 nake da ajin. Ka zo da wayarka mu buɗe su a gaban yaran, tunda a gabansu ka yi maganar.

Wassalam,
Malamin kimiyyar ɗanka